Ranar da garmahon Di'o ya kusa cinye mini aiki

Har yau ban manta da yammacin da muka sauka barikin Rogo ba, a kakar gyaɗa, 'yan shekaru bayan yaƙin duniya na biyu. Lokacin ni tafintan gwaji ne a ofishin Hakimin Karaye. Ku yaran yanzu, tafinta shi ne bakin Bature kuma kunnensa. Ilmina elementare ne, aji uku, amma na riƙe shi kamar na haddace Ingila. Wata uku aka ba ni. In Di'o, Baturen da nake yi wa tafinta, ya yaba a ƙarshen rangadi, a tabbatar da ni. In bai yaba ba, in koma gona.

Wannan Di'o ba ya tafiya sai da garmaho. Yana da wani faifai na wani makaɗin Rasha, goge biyu irin na Turawa, ba ganga, ba waƙa. Ni dai jinsa nake kamar ƙofa biyu da ba a sa wa mai ba.

Bayan la'asar ya ce a kira masa masu goge su saurara. Aka zo da Tanko na Gwangwan da ƙanensa Ilu. Suka yi gaisuwa, suka zauna a inuwar tsamiya. Na murɗa hannun garmaho na yi masa wani, na ɗora allura.

Da faifai ya ƙare, Tanko ya ce, "Malam, tambayar mini shi, taken wa ake kaɗawa?"

Di'o ya ce ba na kowa ba ne.

"Ba na kowa ba? To wa zai ba su tuwo? Kuma ina mai kaɗa musu ƙwarya?" Tanko ya nuna garmahon. "Gaya masa waɗannan wa da ƙane ne, sun yi faɗa a kan gona. Babban na tafiya, ƙaramin na bin sa yana tsokana. Ba sa ga maciji, amma hannu ɗaya ya koya musu."

Wa zai gaya wa Bature kiɗansa rikicin gona ne? Na gyara hula na ce da Turanci wai Tanko ya ce bai taɓa jin daɗi irin wannan ba.

Di'o ya dube ni, ya ce da Hausa tangaran, "Tafinta, ina gonar ta tafi?"

Wata biyu ina bin mutumin nan, ban san ya ci jarrabawar Hausa ba. Ilu ya kifa kai yana dariya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gonar tana nan. Na ajiye ta ne kada ta yi maka nauyi."

"Maido ta."

Na maido ta, har da tuwon. Di'o ya ce shekara da shekaru yana jin faifan nan, ba wanda ya faɗa masa abin da ke ciki sai yau. Tanko da Ilu suka shafa wa izgar gogensu ƙaro, suka mai da wa Rashawan martani da nasu kiɗan, har da sulhu a ƙarshe.

Takardar tabbatarwa ta zo, amma sai bayan an ƙara mini wata uku, kuma ni ne mai wanin garmaho har rangadi ya kai mu garin Kafin Dafga.

Abin da na koya shi ne, tafinta ɗan dako ne. Kayan da aka ɗora maka, kai su yadda suke, ko da wari. Kuma in ka ga Bature ya cika shiru, kada ka ce kurma ne.