Kwana Ɗaya Bai Cika Ba

Shekarar da Yaya ya fara zuwa Caina sarin kayan babura, da ya dawo Illela bakinsa bai huta ba. Duk wanda ya zo sannu da zuwa sai ya ji labarin jirgi: yadda ake tashi daga Guanzu, a sauka Habasha a sauya, a dira Kano. Inna tana gefe tana tsintar wake, kamar ba ta saurare. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta ma kallonsa ido cikin ido. Ni ta tambaya, alhali ga shi zaune.

"Ke, garin ga mi an nisanai?"

Ya yi dariya ya amsa da kansa. "Inna, zaman cikin jirgi duka kwana ɗaya bai cika ba."

Inna ba ta taɓa ganin filin jirgi ba. Ma'auninta motar albasa ce, wadda mahaifinmu kan bi zuwa Legas ya kwana biyu bisa hanya. Ta gyaɗa kai ta ce ashe Legas ma ta fi nisa. Tun daga ranar ta ajiye Caina a ranta nan kusa, bayan Kwanni ta tsallaken iyakarmu kaɗan.

Da ciwonta ya tashi Yaya ya sake komawa, yana can Caina. Ni ke juya ta, ni ke dama mata kunu tana turewa. Kunya ta hana ta cewa a kira mata shi. Sai dai in ina shafa mata mai a ƙafa ta ce, "Jirgin nan, kwana ɗaya anka ce ko?" Na san abin da take roƙo, ko kurma ya sani.

Na kira shi na gaya masa. Ya ce kayansa ba su gama shiga kwantena ba. "In abin ya yi tsanani ki bugo mini, ƙanwata. Ai jirgi ne." Har yau ban manta wannan "ai jirgi ne" ba.

Abin kuwa ya yi tsanani. Sai ga shi babu kujera a jirgin ranar, na washegari kuma ya bar shi zaune a Habasha yana jira. Daga Kano ga doguwar hanya zuwa Sakkwato, ga wata zuwa Illela. Duk wannan bai taɓa shiga lissafin da ya yi wa Inna ba. Ita kuma tana jin na ce ya taso, ta sa aka share ɗakinsa, aka dama fura aka rufe da faifai. Furar ta yi tsami, aka dama wata.

Ta cika da hantsi, aka kai ta bayan azahar. A nan ba a ajiye gawa don matafiyi, ko ɗan wane ne.

Ranar sadakar uku ya shigo da jakarsa mai taya, idanu jajur. Ya durƙusa gabana ya ce, "Ta yi maganata?"

Na so in yi masa ƙarya, amma raina ya ƙi. Na ce ba ta ambace shi ba, yadda ba ta taɓa yi ba. Abin da ta ce kawai, tana kallon ƙwaryar furar, shi ne, "Ke, kwana ɗayan nan bai cika ba har yanzu?"