Ranar da Hilda Ta Sauka a Kan Ƙanƙara

Hilda 'yar Numan ce, a bakin kogi aka haife ta. Mahaifinta masunci ne, tun ba ta iya ɗaura zane ba ta iya tuƙa kwale-kwale. Aure ya kawo ta Jimeta, inda mijinta Absalom yake aikin direba, suka zauna a unguwar Damilu. Da ya rasu, kifi ne ya riƙe gidan. Banda take sarowa wurin danginta ta kasa a babbar kasuwa, da ita ta yi wa 'yarta tilo, Peculiar, makaranta har ta zama nas. Doguwar mace ce mai babbar murya. A zumuntar mata ta cocinsu ita ke ɗaga waƙa, kuma ba wanda ya san ta da tsoro.

Peculiar ta sami aiki a Amurka, a wata jiha mai sanyi da ake kira Alaska, ta yi aure a can. Da ta haihu sai ta aiko uwar ta zo wankan jego. A lokacin Hilda ta daɗe da barin kasuwa, a ƙofar gida take ɗan kasa kifinta. In an tambaye ta dalili, sai ta ce gwiwa ce.

Ta yi wankan, ta yi kunu, ta goya jikanta. Da tafiyarta ta matso, Peculiar ta ce ba za ta bar ta ta koma ba ta ga komai ba sai kicin da coci. Ta ce akwai duwatsu da ƙanƙara ta kwanta a tsakaninsu kamar kogi, tun kafin a haifi kakannin kakanni ba ta narke ba, kuma ana kai mutane a jirgi su gani. Hilda ta amsa, don a zatonta irin babban jirgin da ya kawo ta ne.

Da suka isa filin ta ga abin da za su shiga, ta ja ta tsaya. Jirgin bai fi bas ɗin Yola zuwa Numan ba, farfela ɗaya a hanci, an ɗaura masa wasu dogayen alluna kusa da tayoyi. Aka ɗora ta a sikeli kamar buhun masara, aka ba ta wani takalmi ta ɗora kan nata, da baƙin tabarau. Matuƙin wani dattijo ne mai farin gemu, yana cin tuffa.

"Wannan tsohon ne zai ɗaga mu?" Hilda ta tambaya.

"Shi ne, Mama. Aikinsa ke nan kullum."

Suka tashi jirgin yana rawa. Daji da koguna suka wuce ta ƙasa, can sai kore ya ƙare, duniya ta koma fari da baƙi. Duwatsun ba a ƙarƙashinsu suke ba, a gefensu suke, sun fi jirgin tsawo. Matuƙin ya kutsa tsakanin biyu daga cikinsu, har Hilda tana ganin kamar fiffike zai goge dutse. Ta buɗe baki ta ɗaga waƙa, ba abin da ya fito. A ƙasa ga kogin da aka faɗa mata, ya fi Binuwai faɗi a damina, ya yi lanƙwasa irin ta ruwa, amma a tsaye yake cak. Jikinsa duk tsaga ce, cikin tsagar shuɗi mai haske irin wanda ba ta taɓa gani a atamfa ba.

A kan allunan nan jirgin ya sauka, ya yi sulu, ya tsaya. Aka kashe inji. Hilda ta sa ƙafa ta nutse har idon sawu. Abin da ya fi kiɗima ta shirun wurin ne. Babu tsuntsu, babu ƙuda, babu ko ciyawa guda. Tana jin bugun jininta a kunne. Sauran fasinjojin, Turawa mata da miji, suna ta ɗaukar hoto. Ta cire safar hannu ta ɗebo farin abin ta shinshina, ba ya warin komai.

Tana duƙe aka ji wata ƙara daga dutsen da ke gabansu, kamar an tsaga sama, sai rugugi ya biyo baya. Wani ɓangaren ƙanƙara ne ya ɓalle can nesa ya gangaro, farar ƙura ta tashi. Matuƙin ya ce a kwantar da hankali, ba zai iso nan ba. Turawan suka juya kyamara. Da Peculiar ta waiwaya don ta fassara wa uwarta, sai ta gan ta kwance rub da ciki, ta rufe kai da hannuwa, tana kiran wani suna.

"Edith, kwanta. Edith, ki kwanta, kar ki tashi."

Peculiar ta san sunan. Edith maƙwabciyar rumfar uwarta ce, wadda ta rasu shekarar da bom ya tashi a kasuwar Jimeta. Ranar Peculiar ta bugo waya tana kuka, uwar ta ce mata tana gida zazzaɓi ya hana ta fita.

Peculiar ta durƙusa ta tallafo ta. A nan, cikin ƙanƙara, Hilda ta faɗi abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ranar tana kasuwar. Kwano ɗaya suke cin abinci, Edith ta tashi ta ɗebo musu ruwa. Ita dai ta farka a ƙarƙashin tebur, kifi a watse a kanta, kunnenta ya toshe. Da zane ta gane gawar Edith.

"Mama, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kina ƙasar mutane ke kaɗai. In na faɗa miki, me za ki yi da shi?"

Peculiar ta mayar wa uwar da safar hannunta. Matuƙin bai ji Hausa ba, bai kuma tambaya ba. Ya kawo bargo da shayi mai zafi, ya gaya wa Turawan za a koma da wuri, ba su yi musu ba. A hanyar dawowa Hilda ba ta leƙa taga ba.

Ta dawo Damilu ana tsakiyar damina. Maƙwabciyarta, Adda Aminatu, ta shigo yi mata barka da hanya, aka nuna mata hotuna a waya. Ta daɗe tana kallo, ta ce yanzu duk wannan ruwa ne, mutane kuma suna tafiya a kai? Hilda ta ce ruwa ne, ita ma da ƙafarta ta taka, amma har yau ba ta gama yarda ba. Sauran labarin sai da aka kwana biyu ta ba ta, suna gyaran wake a tsakar gida.

Kirsimetin shekarar Peculiar ta zo gida da jaririn, karo na farko tun tafiyarta. Suka ɗauki mota zuwa Demsa, garin su Edith, suka gaida 'ya'yanta, aka kai su kabarin. Hilda ta tsaya ta yi addu'a da harshen Bachama. Babban ɗan Edith ya roƙe ta ta kwana, don yana so ya ji yadda uwarsu ta yi yinin ta na ƙarshe, me ta ci, me ta ce. Peculiar ta koma Jimeta da yaron, Hilda ta kwana.