Sabar da ke Amsa Lafiya Lau

Ni na yi laifin, ba ita ba. Na fara da wannan ne domin na daɗe ina ba abokai labarin a teburin mai shayi, kuma kullum sai in yi ta kewaye-kewaye har mai sauraro ya ɗauka na'ura ce ta cuce mu. Na'ura ba ta cuci kowa ba, abin da na sa ta shi ta yi. A lokacin ina saurayi, da 'yar diflomata ta kwamfuta, ina haya a ɗaki ɗaya a Karmo, ina sa wa mutane waƙoƙi da karatu a waya a bakin titi. Maƙwabcina direba ne a wani gida a Maitama, shi ya yi mini magana wurin ogansa, wanda ke da ɗan kamfani a Wuse. Ranar da aka ce in fara zuwa, sau biyu na goge rigata, na kuma gaya wa duk layinmu cewa na zama injiniya. Har yau akwai masu kirana da sunan, ban taɓa gyara musu ba.

Kamfanin yana riƙe wa wasu ƙananan asibitoci bayanansu ne a kan manyan kwamfutocin da ake kira saba. Suna jere a wani ɗaki mai sanyi kamar firiji, ba su da allo, ba a kashe su. A cikin kowace saba akwai abubuwan da muke kira sabis, wato ƙananan ma'aikata, kowane da aikinsa. Wani shi ke buɗe wa nas shafi, wani shi ke adana sunayen marasa lafiya, wani kuma shi ke tura wa mata masu ciki saƙon waya yana tuna musu ranar awo. Aikina shi ne gadinsu. Akwai babban allo a bango, kowane sabis da ɗan gidansa. In yana aiki gidan kore ne, in ya tsaya sai ya koma ja, wayata ta yi ƙara, in shiga in tayar da shi. Na taɓa bayyana wa mahaifiyata aikin, ta ce ashe dai kiwo nake yi, sai dai dabbobin ba sa cin dusa.

Wadda ta haɗa wannan allo da hannunta, ta kuma koya mini aikin, wata mata ce da duk ofis ke kira Anti. Bagwariya ce daga wajen Gwagwalada, ta girme ni sosai, tana rera waƙa a cocinsu, kuma duk Litinin sai ta zo da dafaffiyar doya daga gonar gidansu ta raba mana. Hausarta irin ta Abuja ce, wani lokaci ta kira ni da “ke”, in na yi dariya ta ce in bari sai na iya gaisuwa ɗaya da Gwaranci sannan in yi mata gyara. Tun ranar farko ta nuna mini cewa tambaya iri biyu ake yi wa saba. Ta farko sallama ce kawai: ka ƙwanƙwasa, in tana da wuta kuma tana kan layi sai ta amsa. Ta biyu ita ce ka shiga ciki ka bi sabis ɗaya bayan ɗaya, ka tabbatar yana aikinsa. Ta ce saba Bahaushiya ce, ko tana kwance rai a hannun Allah, in ka ce mata ina kwana, lafiya lau za ta ce. Ta ce ita ta zauna da mu ta san halinmu, mai zazzaɓi yana rawar sanyi yana cewa da sauƙi. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ashe karatu ake ba ni, ni kuwa na ɗauke shi barkwanci.

Da yake oga bai samu sukunin buɗe mini tawa ƙofar shiga ba, sai Anti ta ba ni sunanta da kalmar sirrinta in riƙa aiki da su kafin nan. Ta ce amana ce, na ce ai ko ba ta faɗa ba.

Sabis ɗin tura saƙon awo shi ne ɗan rigimar garken. Yakan tsaya haka kawai, a tayar da shi, ya yi 'yan sa'o'i ya sake kwanciya. Anti tana neman dalilin, amma kafin ta gano, tayarwar ta zama tawa. Wata Asabar aikin ƙarshen mako ya faɗo kaina, ranar kuma ake ɗaurin auren aminina, ni ne babban abokin ango. Tun ana raba goro waya ke rawa a aljihuna. Na fita na tayar da shi. Ana cikin addu'a ta sake, har wani dattijo a gefena ya tambaye ni ko ni ma amaryar nake jira ta kira. Lokacin walima, na sa hannu a tuwo ke nan, ta sake. Sai shaiɗan ya kawo mini shawara mai sauƙi. Na zagaya bayan rumfa, na shiga ta wayata, na canza tambayar da allon ke yi wa wannan sabis. Maimakon a shiga a duba shi, sai na mayar da ita sallama kawai a bakin ƙofar saba. Nan take gidan ya zama kore. Na ce wa raina Litinin zan mayar, na koma na ci tuwona da nama biyu.

Litinin ta zo, oga ya shigo ya tsaya a gaban allon, ya ga kore daga sama har ƙasa. Ya dafa kafaɗata ya ce tun da aka kafa kamfanin bai taɓa ganin ƙarshen mako ya wuce babu ja ko ɗaya ba, yaron nan da albarka a hannunsa. Anti ta tambaye ni ko ɗan rigimar bai tashi da halinsa ba, na ce lafiya lau ya kwana. Ta ce to madalla, wataƙila gyaran da ta yi ranar Juma'a ne ya kama. Daga ranar 'yan ofis suka sa mini suna Malam Kore Shar. Sunan ya yi mini daɗi. Kullum in ce gobe zan mayar, gobe ta zo in tuna da ƙarar waya da hannun oga a kafaɗata, sai in bari.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kwana tara bayan bikin wata nas ta kira daga wani asibiti a wajen gari, ta ce benci ya zama wayam ranar awo, matan da suka zo kuma sun ce sun daina ganin saƙo, wasu har sun ɗauka an dakatar da awon ne. Aka shiga ɗakin sanyi aka duba. Sabis ɗin ya kwanta tun yammacin waccan Asabar, bai sake motsi ba, allo kuwa kore shar. Oga ya ce a buɗe littafin da na'ura ke rubuta wanda ya taɓa me. Aka buɗe, sai ga sunan Anti, da rana, da lokaci. Ta dubi rubutun, ta juyo ta dube ni sau ɗaya. Ni kuwa na duƙufa ina ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Ba ta ce komai ba. Oga ya ce ta tafi gida, ranar Juma'a zai yanke ko za ta dawo ko kuwa a sallame ta, domin asibitocin suna so su ji an hukunta wani. Ya ce kafin nan ni zan riƙe allon, in hau kujerarta.

Kujerar tana da laushi, tana juyawa, na daɗe ina sha'awarta. Kwana biyu na yi a kanta kamar wanda ke zaune a kan ƙaya. Na mayar da tambayar yadda take a ɓoye, ja ya dawo, wayata ta ci gaba da ƙara, amma abin da ke ƙara a ƙirjina ya fi. Ranar Laraba da hantsi na ce bari in kira ta in ji yadda take. Na gaishe ta, na tambayi gida da yara, ta ce lafiya lau. Na tambayi gajiya, ta ce babu. Na ajiye waya ina jin sanyi a rai, ina cewa ai ka ji, ba ta riƙe ni ba. Na ɗaga kai ke nan idona ya faɗa kan allon, sai na farga. Abin da na yi wa saba shi na sake yi wa mutum. Na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama, an ce lafiya lau, na juya na tafi, alhali matar da ke ciyar da 'ya'ya uku tana zaune tana jiran Juma'a saboda tuwon da na ci.

Ban jira la'asar ba na shiga wurin oga na zayyana masa komai, har da naman biyu, don bakina ya ƙi tsayawa. Ya cire tabarau, ya ce ashe koren nawa irin na fenti ne. Ya yi faɗa sosai, kuma na cancanta. Da ya huce ya ce shi ma da nasa laifin, tun da ya bar mutum biyu suna shiga da suna ɗaya. Bai kore ni ba. Ya sauke ni daga kujerar, ya ba ni jerin lambobin matan da saƙo bai kai musu ba, ya ce in kira su ɗaya bayan ɗaya da bakina in gaya musu sabuwar ranar awo. Kwana uku ina wannan aiki. Na sha tambaya daga mazaje kan ko ni wane ne da na san watan cikin matansu. Wata ta ce ta riga ta haihu, namiji, in zo suna. Allah Ya rufa asiri ba wadda wani abu ya same ta, amma wannan rahamarSa ce, ba dabarata ba.

Ga duk wanda aka ba gadin wani abu, na'ura ce ko mutane, ina roƙonsa ya ɗauki darasi daga kaina. Ƙarar da ke damunka ita ce aikin, ranar da ka kashe ta don ka huta, ka tashi daga mai gadi ka koma mai fenti. Kuma in wani ya ba ka sunansa ka yi aiki da shi, ka sani mutuncinsa ne a aljihunka.

Oga ya kira Anti ya ce ta dawo Litinin, amma ni na ga ba a ofis ya kamata ta fara ganina ba. Ranar Asabar na hau mota zuwa Gwagwalada da 'yar ledar lemo. Na same ta a tsakar gida tana feraye doya. Na gaishe ta, ta ce lafiya lau. Na ce a'a, yau ba sallama na zo yi ba, ciki na zo dubawa. Ta ajiye wuƙar ta daɗe tana kallona, sannan ta ce to in haka ne, ba lafiya ba. Ta ce tun ranar ta san ni ne, domin a lokacin da aka rubuta tana coci tana koyar da waƙa. Ta ce ta yi shiru ne don ta ga ko ɗan da ta koya wa aiki zai tashi da kansa ko sai an tayar da shi, kuma kwana biyun nan da na yi ban motsa ba sun fi maganar oga yi mata ciwo. Na durƙusa a gaban kwanon doyar na ce mata: Anti, kin ba ni sunanki na ɓata shi, kin dube ni na sunkuyar da kai. Ba ni da hujja ko ɗaya. Don Allah ki yafe mini, kuma kada ki ce lafiya lau sai in har ya zama lafiya lau ɗin.