Sojan da Dije Ta Ɓoye a Bayan Ƙofa

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma Dije ta cika, ranar wata Laraba, a asibitin unguwar Tokoin. Mu uku ne a kanta: ni mijinta, da 'yarmu Rukayya, da yayana Alhaji Sule. A wannan watan ake cika shekara bakwai. Kowace shekara nakan sa a sauke Alƙur'ani, a raba sadaka, in yi shiru. Bana ba zan yi shiru ba, domin wata magana da na ɗauka ta mutu tun Dije na da rai ta sake tashi, kuma wannan karon a kan Rukayya ta sauka. Ni ba mai dogon karatu ba ne. Aikina tsara layin motoci a tasha, wadda ta riga zuwa ita ke fara lodi. Haka zan kawo maganar, abin da ya fara faruwa shi ne a gaba.

Gidana yana da tsarin abinci. Kowace rana da nata tuwo da tata miya, ranar Juma'a shinkafa, kuma tun farkon aurenmu na kafa doka cewa ba a sa abin da ban san sunansa ba a tukunyata. Dije ta bi wannan tsari shekara da shekaru ba gardama. Amma tana sayar da gwanjon kayan yara a kasuwar Hédzranawoé, kuma maƙwabciyar rumfarta, wata mata da ake kira Da Afi, ta taɓa yin aikin girki a gidan wasu Sinawa. Daga wurinta Dije ta ji yadda ake soya shinkafar da ta kwana da ƙwai da karas da lawashi da ɗanyar citta, a kan wuta mai ƙarfi, ana juyawa ba tsayawa. Sinawan suna sa naman alade, Dije ta ce ita kaza za ta sa. Saura abu ɗaya, wani baƙin ruwa mai gishiri da ake yi da waken soya. Da Faransanci ana kiransa sos soja. Da Afi ta ba ta kwalba guda.

Dije ta san dokata, don haka ta ɓoye kwalbar a bayan ƙofar ɗakinta, tana gwaji in na tafi tasha. Daga baya ta ba ni labarin gwaje-gwajen. Na farko ya caɓe ya zama kamar fate, saboda ta soya shinkafar da zafinta. Na biyu ta zuba gishiri da dunƙule kamar yadda ta saba, ta ƙara baƙin ruwan a kai, ko kajin gida ba su ci ba. Nufinta sai abin ya yi daidai ta ajiye mini a gabana.

Rukayya tana da shekara shida a lokacin. Wata maƙwabciya ta shigo aron rariya, ta tarar da ita a tsakar gida, ta tambaye ta ina innarta.

“Tana ɗaki. Ta ce kada in gaya wa Baba akwai soja a bayan ƙofa.”

“Soja? Kullum yana nan?”

“Kullum. Amma sai Baba ya tafi tasha take fito da shi.”

Iyakar abin da yarinyar ta faɗa ke nan, kuma babu ƙarya a ciki ko ɗaya. Kafin mako ya zagayo maganar ta gama unguwarmu, Zongo. Mata suka daina amsa gaisuwar Dije a wurin famfo. 'Yan zemijan, wato 'yan acaɓa, da ke tsayawa a bakin layinmu sukan sara mini da hannu irin na soja in na wuce, ni kuwa ban san dalili ba. Ni ne na ƙarshen ji, kuma daga bakin yayana na ji.

Alhaji Sule ya kira zama a zaurensa bayan la'asar. Akwai shi, akwai ni, akwai limamin masallacinmu, akwai kawun Dije. Aka aika a kira Dije, ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa.

Yaya ya ce, “Dije, ba mu kira ki don mu tozarta ki ba. Amma yarinya ƙarama ba ta ƙirƙirar irin wannan. Wane ne sojan?”

Ta juyo, ni ta duba. “Malam, kai ma kana son ka gan shi?”

Na ce, “Ina son maganar ta ƙare yau.”

“To ku jira. Yana nan, bai tafi ba.”

Ta tashi ta fita. Ban taɓa zama mai nauyin wannan ba. Kawunta ya sunkuyar da kai. Liman ya fara karanta wani abu a hankali. Yaya ya tura a rufe ƙofar waje. Can sai ga ta ta dawo ita kaɗai, ta zaro kwalbar daga cikin mayafi, ta dangwarar a tsakiyar tabarma.

“Ga shi nan, Alhaji. Ku yi masa tambayoyin a hankali, ba ya jin Hausa.”

Na ɗauka na karanta da ɗan Faransancin da nake da shi. Liman ya karɓa ya sansana, ya tambaya ko akwai giya ko alade a ciki. Na karanta masa abin da aka rubuta: wake, alkama, gishiri, ruwa. Babu wanda ya yi dariya. Kawun Dije ya tashi ya fita bai yi wa kowa sallama ba.

A nan ne aka yanke hukuncin da muke ɗanɗana har yau. Yaya ya ce maganar ta mutu a cikin zauren nan, duk wanda ya fitar da ita waje ya ƙara wa dangi abin dariya. Na ce a tara matan da suka yaɗa ta a faɗa musu a gaban liman. Ya ce shi ne babba, kuma ya gama magana. Ita ma Dije da muka koma gida cewa ta yi, “Malam, ba zan bi gida-gida da kwalba ina wanke kaina ba.” Zargin ya shiga kowane gida a unguwa, wankewar kuwa ta tsaya a kan tabarma ɗaya.

Abin da ta yi shi ne wannan. Ranar Alhamis ta fito da murhu tsakiyar gida, ta kifa turmi, ta ɗora kwalbar a kai inda duk mai shigowa zai gani. Ta soya shinkafarta, wannan karon ta yi wara-wara, ta zuba a kwanuka ta aika gidajen layinmu. Wasu kwanukan sun dawo ba a taɓa ba. Alhamis ta gaba ta sake aikawa. Ni kuma na gyara tsarina, Alhamis ta zama tata. Daga shinkafa ta koma soyayyar taliya da kabeji, daga nan ta koyi naɗa nem, wato nama da kayan lambu da ake naɗewa cikin siririn ɓawo a soya, wanda ya sha fashe mata a cikin mai kafin ta gane ba a cika shi da yawa. Haka ta yi har ciwon ajali ya kwantar da ita. A ƙarshe babu kwanon da ke dawowa da abinci, har wasu kan aiko da nasu tun da rana.

Yanzu in na bi ta kasuwa nakan ga irin wannan kwalba a teburin kowane mai kayan miya. Ba a biki a Zongo sai da soyayyar shinkafa da nem. 'Yan mata suna kallon girkin a waya suna cewa “ƙara soja kaɗan”, ba mai juyowa. Nakan tambayi kaina me Dije za ta ce. Ina jin za ta ɗanɗana ne kawai ta ce wutar ba ta yi ƙarfi ba. Amma da ta ji abin da zan faɗa yanzu, ban san me za ta yi ba, domin ita ta iya haƙuri a kan kanta, ba ta iya shi a kan 'yarta ba.

Wani yaro mai gyaran firji, Nasiru, yana neman Rukayya, ita ma tana son sa. Iyayensa a unguwar Cacavéli suke. Mahaifiyarsa ta turo bincike unguwarmu kamar yadda aka saba, aka gaya wa 'yan aikenta cewa Rukayya ba 'yata ba ce, 'yar wani soja ce. Ku duba lissafin da kanku. Yarinyar da ita ce ta faɗi maganar da bakinta tana da shekara shida, ita ce yau ake cewa sojan ya haifa. Sun ɗaga kawo gaisuwa, sun ce sai sun ƙara tambaya. Rukayya ta daina girkin Alhamis. Na ce mata ta hura wuta, ta ce, “Baba, ni na jawo wa Inna, ga shi ya dawo mini.” Na ce mata yarinya ba ta da laifi a kan gaskiyar da ta faɗa. Ta ce to, amma murhun bai ga wuta ba.

Daga cikin waɗanda suka zauna a zauren nan ni kaɗai na rage. Yaya ya nemi gafarar Dije a asibiti ta yafe masa, shi ma ya bi ta bayan shekara biyu. Liman da kawu sun riga su. Shaidar uba a kan 'yarsa kuwa ba ta gamsar da surukai. Dije ba ta bar gida ko fili ba. Ta bar 'ya mai hankali, ta bar hannun girki a rabin gidajen layinmu, ta bar sunan da ta tsare ba tare da ta ɗaga murya ga kowa ba. Biyun farko suna nan. Na ukun ne ke hannunku.

Don haka ga roƙona, kuma ga matan Zongo nake yin sa, waɗanda suka ga kwalbar a kan turmi suka san yadda aka yi. Ba na neman kowa ta amsa laifi, ban kuma ambaci sunan kowa ba. Ina roƙon mace biyu ko uku daga cikinku su yafa mayafi su je Cacavéli wurin mahaifiyar Nasiru kafin ta yanke shawara, su faɗa mata da bakinsu ko wane ne sojan. Wadda ba ta san gidan ba ta same ni a tasha, ni zan kai ta har ƙofa in tsaya a waje.