Kwanonin Sallar da Na Mayar

Shekara bakwai ke nan da rasuwar kakata, Inna Ige ta Magarya, kuma har yau da an fara zancen ganin watan Sallah sai gabana ya faɗi. Ba zan cika ku da yabonta ba, wanda ya san ta ya san ta. Abin da na yi mata zan faɗa, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Inna ungozoma ce. Rabin unguwarmu a hannunta suka faɗo duniya. Saboda haka ranar Sallah ba a aika mata da abinci, kai mata ake yi. Duk matar da Inna ta taɓa karɓar haihuwarta sai ta ɗauko kwano da kanta, ta durƙusa gaban tabarma, ta buɗe murfi. Inna ta sa hannu ta yi loma ɗaya ko biyu a idon mai kwanon, ta sa mata albarka ita da 'ya'yanta, sannan a janye kwanon a raba wa mutanen gida. Kwanon da Inna ba ta taɓa ba, kamar an ce wa mai shi ba a san da zamanta ba.

Ta ce a da tuwon gero ne da na dawa a cikin kwanonin, sai fura. Da ruwan dam ɗin Goronyo ya iso gonakinmu aka shiga noman rani gadan-gadan, shinkafa ta zama abin fita kunya. Ni dai da na yi wayo, kowane murfi aka ɗaga dafa-duka ce tana ninkaya cikin mai, ko funkason alkama da aka barbaɗe da sukari. Wadda ta kai tuwon gero ranar Sallah, an san gidansu babu.

Shekarar da na gama sakandare aka gano Inna na da ciwon suga da hawan jini. Ni na raka ta asibiti, ni aka yi wa bayani tunda ni ke da boko: a bar sukari, a rage shinkafa sosai, a rage gishiri da mai. Na rubuta a bayan littafina, na dawo gida ina jin kaina likita.

Da Ƙaramar Sallah ta zo, na dafa mata nata daban. Ɗan mulmulen tuwon gero, miyar kuka mai ƙarancin gishiri, kifin gulbin Rima dafaffe, kwaɗon zogale. Na rufe na ajiye. Sannan na je na tsaya a bakin ƙofar ɗakinta.

Wadda ta fara zuwa Gwaggo Dije ce, maƙwabciyarmu, wadda Inna ta yi kwana biyu a kanta lokacin haihuwar tagwayenta.

"Kulu, matsa in shiga."

"Gwaggo, mi ke cikin kwanon?"

"Mi kuwa? Shinkahwa ta, da ɗan hunkaso."

"To ba ta ci. An hana ta. Ki shiga ki gaishe ta, amma kwanon ki koma da abinki."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ke ɗiyag ga, kin san abin da kike hwaɗi? Tun kina goye nike kawo kwanon ga."

"Ai shi ya sa ta kamu. Ku kunka cika ta da suga."

Haka na faɗa, ban rage ko kalma ba. Gwaggo ta mayar da kwanonta a ka, ta juya. Daga ciki Inna ta ce, "Kulu, wa na?" Na ce ba kowa. Har azahar ina nan tsaye ina mayar da kwanoni. 'Yan kaɗan suka ajiye nasu a tsakar gida suka shiga hannu biyu, suka durƙusa, suka rasa abin yi, suka fito da sauri.

Da la'asar Inna ta ci abincina, ta cinye. Ta wanke hannu ta ce, "Kulu, kin iya dahuwa. Amma ni ba yunwa nike ji ba. Loma guda mi za ta yi mani?"

Na ce, "Loma guda sau nawa, Inna? Gara su yi fushi ki rayu."

Ta turo mini kwanon na ɗauke.

Babbar Sallah mutum biyu suka zo. Da shekara ta zagayo, ba ko ɗaya. Inna ta yi wanka, ta ɗaura zanenta mai kyau, ta sa turare, ta zauna bisa tabarma tun da aka sauko Idi, ƙofa a buɗe. Muna jin muryoyin mata suna wucewa ta bayan katanga suna barka da Sallah. Tana nan zaune har rana ta karkata.

Washegari na haɗiye girman kaina na tafi wurin Gwaggo Dije. Na ɗauka fushi zan iske. Ashe ba fushi ba ne. Ta ce, "Kulu, ba mu son mu kashe maku tsohuwa. Ke kinka yi karatu, kin ce mu munka sa mata ciwo." Sun yarda da ni, wannan ce masifar. Na ce to ta kawo tuwon gero, ko kwaɗo, Inna na ci. Ta riƙe baki. "In kai ma Inna tuwon gero ran Sallah? A ce mi ya same ni?" Shinkafa ba ta kaiwuwa, gero abin kunya ne, zuwa ba kwano kuma ba su saba ba. Sai suka zauna gidajensu.

Daga Sallar da na tsaya mata ƙofa, Inna ta ƙara shekara uku. Duk zuwanmu asibiti awonta na kyau, har yaba mini ake yi. Ita kuwa ta daina shimfiɗa tabarma ranar Sallah, sai ta kwanta ta juya fuska bango. Ranar da ta rasu kwanoni suka cika tsakar gida, babu wurin sa ƙafa. Duk shinkafa.

Nakan tambayi kaina mi za ta ce da ta ga yau. Matan da ke kawo mata abinci yanzu su ne ke layin asibiti. Gwaggo Dije idanunta sun tafi, suga ya ci su. Kwanonin Sallah ba su sake ba, sai ma lemon kwalba da aka ƙara a kai. Ga danginmu na ƙauyukan Rabah da 'yan bindiga suka taso, suna raɓe a gidajenmu. Tsofaffinsu abin da aka miƙa masu shi za su ci, wa ke zancen an hana su gishiri? Ina jin Inna ba za ta ce komai ba. Dubana kawai za ta yi.

Mi ya rage nata? Haihuwa ta koma asibiti. Tagwayen Gwaggo sun zama magidanta, da ƙyar suke tuna sunanta. Albarkar da take sa wa mutane ni na yanke ta da hannuna, shekara uku kafin Allah ya ɗauki ranta. Ban san ko na ƙara mata kwana ba. Na san dai irin kwanakin da ta yi.

Bara aka gano ciwon a jikin mahaifiyata. Ita ce babba a gidan yanzu, kuma 'yan ƙannenta da surukanta na kawo mata nasu kwanonin. Shekaranjiya ta kira ni ta ce, "Kulu, in kinka tsaya mani ƙohwa, ban yahe ba." Na ce to. Zan zauna gefenta in riƙa ɗaga mata murfi, ina kallon tana ci, kuma na san abin da kowace loma ke yi mata. Allah ya ji ƙan Inna. Ni har yau ban san wanne ya fi ba.