Ranar da Muka Kunna Ƙwallo a Coci

Shekarun baya, ina da tabbacin cewa a duk faɗin Dutse babu matashin da zai saurari bakina na minti goma bai biyo ni coci ba. Ni ne fa mutumin da ke sa masu zaman makoki dariya har su manta gawar wa aka kai.

Shi ya sa da yayata ta kawo mini kukan ɗanta, na ce ta je ta kwanta. Yaron ya gama jami'a ya dawo, ya ajiye sujada. Bai musulunta ba, bai koma wani coci ba, ya dai ajiye. Ranar Lahadi ita tana ɗaura ɗankwali, shi yana jan bargo. Mijinta ya rasu, shi kaɗai gare ta, kuma burinta bai wuce ta gan shi kusa da ita a benci ba.

Na samu fastonmu na ce, "Baba Fasto, yaran nan ba su ɓata ba, suna gidan kallo. Mu kawo musu ƙwallon nan, a hutun rabin lokaci na jefa musu Kalmar Allah."

Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Ka dai ƙaro bencuna."

Wata Asabar da la'asar muka aro talabijin da janareta. Wuri ya cika maƙil, har da 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi. Ga ɗan yayata a layin gaba. Ina ta kumbura kamar talotalo.

Alƙalin wasa na busa hutu na miƙe da Littafi Mai Tsarki, na gyara murya. Kafin na buɗe shafin, kowa ya tuna yana da uzuri a wajen mai awara. Aka bar ni da Baba Fasto da wata akuya da ta leƙo, ita ma ba ta jima ba.

Yayata ta rasu bayan shekara biyu ba ta ga abin da take so ba. Ranar jana'izarta yaron ya shigo coci, ya tsaya can baya, bai buɗe baki a waƙa ko ɗaya ba. Yanzu yana aiki a Kano, muna gaisawa a waya. Bencinmu kuwa furfura ce ta fi yawa a kai, mu kuma har gobe muna zaman kwamiti kan dabarar jawo matasa, ba matashi ko ɗaya a zaman.

Nakan ba da labarin nan a yi dariya, amma akwai ƙarshen da nake yankewa. Ranar ƙwallon na bi shi waje, ya ce, "Kawu, duk wannan wahalar, ko sau ɗaya ba ka tambaye ni me ya sa na daina zuwa ba."

Na ce, "To, me ya sa?"

Ya leƙa ciki, ya ce, "Bari dai, Kawu. An dawo daga hutu."