Tef ɗin Kawu Ɗantani

Duk wanda ya san Kawu Ɗantani tela a kasuwar Jega ya san tef ɗin awon nan da ke rataye a wuyansa. Da shi yake zuwa masallaci, da shi yake zuwa suna, har mu 'ya'yan ƙannensa mukan ce da shi aka haife shi. Kuma ba yadi kaɗai yake aunawa ba, har gaisuwar mutane! Ka gaishe shi a tsaitsaye kana sauri, sai ka ji ya ce, "Wagga gaisuwa ta ɗangale, koma ka ƙaro ƙyalle."

Shi kuwa in ya ga wanda ya girme shi, sai gwiwa a ƙasa. Wata rana a tashar Maiyama, inda nake koyarwa a lokacin, ya durƙusa gaida wata tsohuwar Bafulatana mai nono. Ya tambayi shanu, ya tambayi jikoki, har mota ta cika ta tashi. Na ce, "Kawu, mota ta tafi!" Ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce, "Wata na zakuwa. Tsohuwag ga in ta tahi ba ta da ta biyu."

Da siyasa ta kankama, majalisarsu tana ƙofar gidan Alhaji Ummaru, amininsa tun suna samari, wanda shi ne jagoran jam'iyyarmu a unguwa. Goro ɗaya suke rabawa kullum. Ran nan na zo musu da jarida, ga hoton wani jigon jam'iyyar adawa ya rusuna wa wani babban baƙo daga ƙasar waje. Wai! Majalisa ta kaure. Alhaji yana ta faɗin, "Ya saida mu! Ya zubda muna mutunci!" Kawu ya zare tef, ya ɗora a kan hoton, ya ce, "Gaskiya ta. Ya wuce awo."

Na ce, "Haba Kawu, kai da mota ta bari a wurin durƙuso?"

Ya ce, "Kaina nawa na, in na so in kai shi ƙasa. Shugaba kau hullar mutane dut tana bisa kainai, in ya duƙa tamu ka faɗuwa. Shi tsaya da tsawonai, shi miƙa hannu, shi tambayi baƙo gajiya da mutanen gida, shi ba shi ruwa. Shi ke nan."

Alhaji ya ji daɗi har ya yanke hoton ya manna a bangon zaure.

Ba a jima ba sai ga namu jigon a jarida, ya kama hannun wani baƙon da hannu biyu, ya duƙa har hularsa tana shirin zamewa. Alhaji ya duba ya ce, "Masha Allah, tawali'u! Ɗan gidan tarbiyya ke nan." Ina ganin hannun Kawu ya nufi wuya na mintsine shi, amma ina! Ya auna wannan, ya miƙe ya auna na bango.

"Namu ya hi da yatsa guda."

"Ɗantani, wancan ƙasƙanci na, wanga ladabi na!"

"Ummaru, tef ɗin ga bai yanki katin jam'iyya ba."

"To ɗauki tef ɗinka ka bar man ƙohwar gida!"

Kawu ya tashi. Amma da yake Alhaji ya girme shi da 'yan watanni, sai da ya durƙusa ya yi masa sallama sannan ya tafi. Daga ranar, kullum safiya sai ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, Alhaji ya kau da kai. Abin ya ci Kawu ƙwarai, na sani. Na sha ganinsa a shago ya ɓare goro, ya tsaya da ɓari ɗaya a hannu bai san wa zai miƙa wa ba. Tausayi ya kama ni, na roƙe shi ya ce kuskuren awo ya yi, a wuce wurin. Ya ce, "In na ce haka, gobe wa ka yarda da wuyan rigad da na auna?"

Soja suka zo, jam'iyyu suka watse, fushin Alhaji bai watse ba. Sai da ciwon ajali ya kwantar da Kawu, muna zaune a gefensa, muka ji sallama. Alhaji ne, yana dogara sanda saboda ciwon gwiwa. Ya jingine sandar, ya durƙusa a gaban gadon da ƙyar, ya sunkuyar da kai.

Kawu ya buɗe ido ɗaya, ya ce mini, "Miƙo man tef." Ya ɗan gwada durƙuson Alhaji, ya ce, "Ummaru, ka wuce su dut su biyu."

Alhaji ya fashe da dariya, hawaye na zuba. Ya ce, "Kaina nawa na, Ɗantani." Ya ciro goro ya ɓare, ya danƙa masa ɓari a tafin hannu.

Kawu bai iya ci ba, amma bai sake shi ba har ya cika. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa. Ranar da za a auna ayyukan bayi, Allah ya sassauta masa awo, amin.